Kafin Fartanya Ta Taɓa Ƙasa: Jagorar Kare Lafiyar Masu Aikin Lambu a Khartum da Omdurman

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 jama'a ke ta komawa gidajensu, har hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa Oktoban shekarar waɗanda suka dawo birnin sun haura miliyan ɗaya. Wanda ya rufe gida tun Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, abin da yake fara tararwa idan ya buɗe ƙofa shi ne tsakar gida ta koma daji. Tumfafiya ta fi mutum tsawo, shingen damas ya haura katanga ya kama wayar lantarki, ciyawar ado ta mutu, ƙaya ta maye gurbinta. Haka abin yake a makarantu da masallatai da harabar ofisoshi. Kasuwa ta buɗe wa masu gyaran lambu, kuma Hausawan Sudan, da suka gaji noman bakin kogi iyaye da kakanni, ba baƙi ba ne a wannan fage.

Da kai nake magana, maigidan da ke karɓar aiki ya ɗebi yara su yi. Mafi yawan raunin da ake ji a wannan sana'a kai ne za ka iya tare shi, tun kafin a sauke kaya daga mota, kuma abin da ake tare shi da shi bai kai kuɗin jinyar mutum ɗaya ba. Na san idan abu ya faru cewa ake yi tsautsayi ne. Amma yaron da aka tura cikin ƙaya da silifa, an riga an san abin da zai same shi.

Ƙasar da aka yi yaƙi a kanta

A da, mai lambu kan shiga gida ya duba inda famfo yake ya kama aiki. Yanzu tambayar farko ita ce: me ya faru a nan lokacin yaƙi? Ka tambayi mai gida, ka tambayi maƙwabtan da ba su gudu ba, don sun fi shi sani. An yi sansani a gidan? An kafa shingen bincike a layin? Roka ta taɓa faɗowa? Sai ka zagaya da kanka, kai kaɗai, kana bin daɓe da inda sawun mutane ya bayyana, kana duba ramukan harsashi a bango, da buhunan yashi, da akwatunan albarusai, da ƙasar da aka tona aka mayar. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, ba a fara aiki sai masu kwance nakiya sun duba wurin. Sudan tana da cibiyarta ta ƙasa mai wannan aiki, wadda ke aiki tare da hukumar kawar da nakiyoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa zai sada ka da su. A 2025 an gano nakiyoyin da aka binne a dajin Sunut da yankin Mugran, a tsakiyar birni, inda iyalai ke zuwa shan iska kafin yaƙi. Idan can bai tsira ba, kada ka ɗauka lambun wani gida a Bahri ko tsohuwar Omdurman ya tsira.

Makamin da bai fashe ba ba ya zuwa da kamar da za ta tsorata mutum. Sau da yawa guntun ƙarfe ne mai tsatsa, rabinsa a ƙasa, 'yan fikafikan wutsiyarsa kawai suka leƙo daga cikin ciyawa, sai ka rantse bututun famfo ne ko wani sashe na babur. Ka koya wa kowane yaro, har wanda ya zo aikin yini ɗaya: duk ƙarfen da ba ka san shi ba, kada ka taɓa, kada ka shure shi, kada ka jefe shi da dutse don ka gwada. Ka tsaya cak, ka ɗaga murya kowa ya tsaya, ka koma ta kan sawunka, a sa alama daga nesa, a fitar da mutanen gida, a kai rahoto. Inda aka ga duwatsu masu jan fenti, ko jan allo mai hoton ƙoƙon kai, nan ne iyaka. Farin fenti shi ke nuna ɓangaren da aka share.

Abu biyu na sana'armu sun fi komai haɗari a nan. Na farko ƙona ciyawa. Mun saba tara busasshen ganye mu cinna masa wuta, to wuta tana tayar da harsashi da gurnetin da ke kwance a ƙarƙashi. A wurin da ba a share ba, kada a kunna ko ashana. A kwashe shara a fitar. Na biyu kwaɗayin ƙarfen gwangwan. Leburan da kuɗin yininsa bai taka kara ya karya ba, idan ya ga tagulla zai sa a buhu ya kai wa 'yan awo. Ka faɗa musu baki da baki cewa wanda ya ɗauki ƙarfe daga wurin aiki ya bar aiki, kai kuma ka biya su abin da zai hana su waiwayarsa.

Akwai wani abin da ke da nauyin faɗa. Lokacin da zuwa maƙabarta ya gagara, mutane da yawa sun binne 'yan uwansu a tsakar gida da filayen unguwa da makarantu. Idan shebur ya ci karo da ƙashi ko likkafani, a dakata, a rufe wurin da mutunci, a sanar da mai gida da 'yan sanda. Hukumar likitocin binciken gawa da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar ne ke tonowa su mayar maƙabarta.

Ko babu makami, doguwar ciyawa tana ɓoye rijiyar masai da murfinta ya karye, kuma irin waɗannan rijiyoyi a gidajen Khartum suna da zurfi ƙwarai. Tana ɓoye gilashi da ƙusa da kwanon rufi. Wayoyin lantarki kuwa, bayan an sace na tagulla, da yawa an mayar da su ne da haɗe-haɗen gaggawa. Kafin a haƙa, a tambayi inda wayar fitilun lambu da bututun ruwa suka bi, a kashe wuta daga babban makunni, a tuna kuma gidan da ke da sola ko janareto yana iya samun wuta ko da ta gwamnati ta ɗauke.

Rana

A Mayu da Yuni zafin Khartum yakan tsaya wajen digiri 41 zuwa 42, wasu ranakun ya haura 45. Babu jarumtar da ke maganin wannan, sai tsara lokaci. A fara da an idar da sallar asuba. Haƙa da sara da ɗaukar kaya su ƙare kafin lokacin fatur, wajen goma zuwa sha ɗaya, lokacin da kowa ke zama cin ful. Daga nan zuwa la'asar sai aikin inuwa, kamar cika ledojin dashe da wasa kayan aiki, ko a tashi gaba ɗaya a dawo da yamma. Mai gidan da ya ce lallai a gama masa da azahar, ka gaya masa ba haka kake aiki ba.

Ruwa kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, ko da ƙishi ko babu, amma kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa guda. Randa ko kula ta zauna a inuwa kusa da masu aiki, domin ruwan da ke can bakin ƙofa ba wanda zai je shan sa. Gumi yana tafiya da gishirin jiki, saboda haka a riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Zoɓo da tsamiya da kuka duk suna taimakawa idan ba a cika musu sukari ba. Kowa ya riƙa lura da fitsarinsa: in ya yi ja ya yi kaɗan, jiki ya bushe, kuma bushewar da ake maimaitawa kullum tana cin ƙoda a hankali ba tare da mutum ya sani ba.

Sabon yaro, ko wanda ya dawo daga jinya, jikinsa yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Ranar farko a ba shi kaɗan, a riƙa ƙarawa. Shi ne kuma ba zai ce ya gaji ba, don yana tsoron a sallame shi, sai kai ka sa masa ido. Jiri da ciwon kai da tashin zuciya da ɗaurewar jijiya alamun farko ne: inuwa, ruwa, hutu, kuma ya gama aikin ranar. Amma idan ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya daina gane mutane, wannan bugun zafi ne mai kisa. A cire masa riga, a kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta fifita, a ci gaba da haka a cikin mota har asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. A watan azumi dokar ƙwadago ta 1997 ta rage wa mai azumi awa ɗaya, amma hankali ya ce a mayar da aiki mai nauyi sassafe ko bayan buɗa baki.

Idan sararin sama ya yi ja daga nesa, guguwar ƙura ta habub ce ke tafe. Kowa ya sauko daga tsani da bishiya, a rufe magani, a nisanci manyan darbejiya da allunan talla, a rufe hanci da baki har ta wuce.

Ƙaya

A nan nake so ka fi tsayawa, domin shi ne abin da aka fi rainawa. Ƙasar nan ta ƙaya ce: bagaruwa a bakin Farin Nilu, ƙayar gindin ganyen dabino, ta jahannamiya da ake ƙawata katanga da ita, uwa uba meskit, wanda aka shigo da shi Sudan a 1917 don ya tare hamada, ya bazu har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Duk filin da aka bari shekara biyu, shi ne ke fara mamayewa, kuma ƙayarsa tana huda silifa har da tayar baro.

Sudan na cikin ƙasashen da cutar maisitoma ta fi yawa a duniya. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa, tana shiga jiki ta ƙaramin rauni irin na ƙaya. Farkonta ɗan kumburi ne mai tauri a ƙafa, ba ciwo ba ƙaiƙayi, shi ya sa mutum zai yi wata da watanni, har shekaru, yana aikinsa. Sannu a hankali ƙafar ta kumbura, ƙananan ramuka su buɗe suna fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare kamar tsabar gero. Idan ta kai ga ƙashi, sau da yawa sai an yanke ƙafar. Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan cuta a asibitin Soba na Jami'ar Khartum a 1991, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Yaƙi ya yi wa cibiyar mummunar ɓarna. Ke nan neman magani ya ƙara wuya, maganin ma na wata da watanni ne.

Saboda haka takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa shi ne kayan aiki na farko da za ka saya, kafin injin yankan ciyawa. Silifa da markub na zuwa masallaci ne. Sai safar hannu ta fata da dogon wando. Ƙaya ta shiga, a cire ta nan take da hantsaki mai tsabta, a wanke da ruwa da sabulu, a sa aidin, a rufe. Wadda ta karye a ciki, musamman ta dabino kusa da gaɓa, ta asibiti ce. Duk kumburin da ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni a nuna wa likita, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Mai hulɗa da taki da tsatsa kuma ya karɓi allurar tetanus, mai hana sarƙewar haƙora, a sabunta ta duk shekara 10.

Wasu tsirran da ruwansu suke cutarwa. Nonon tumfafiya da na dangin tinya idan ya faɗa ido yana iya dusashe gani. A sa tabarau lokacin sara, in ya shiga a yi ta wankewa da ruwa minti 15 sannan a tafi asibiti. Difla, furen nan mai ruwan hoda da ake jerawa a bakin titi, guba ce daga ganye har itace. Kada a ƙona ta, kada a dafa shayi da icenta, kada a zubar da reshenta inda awaki za su ci.

Feshi

Ka taɓa ganin mai feshi da bakin famfonsa ya toshe? Sai ya kwance shi, ya sa a baki ya hura, ya goge leɓe da bayan hannu, ya ci gaba, tankin yana ɗiga a gadon bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Da yamma ya ce kansa na ciwo, a ce rana ce. Guba ce ta shiga ta baki da fata.

Dokar magungunan ƙwari ta 1994 ta ce sai wanda majalisar ƙasa mai kula da su ta yi wa rajista za a sayar. Ka sayi mai takarda a jiki, a kwalbarsa ta asali. Wanda aka ɗura a robar lemo ba ka san mene ne ba, likita ma ba zai sani ba. Dubi zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, ba shi da wurin zama a lambun gida, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Lokacin haɗawa ya fi lokacin feshi haɗari, domin maganin bai sirku ba. A sa safar hannu ta roba mai kauri, da tabarau, da takunkumin da aka yi don magani, domin ƙyalle ko gefen rawani jiƙewa yake ya riƙe gubar a hanci. A auna da ma'aunin da takarda ta faɗa, a juya da sanda. A yi feshi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, iskar tana bayan mai feshi. A kawar da yara da kaji, a rufe randuna, a gaya wa matar gida ranar da za a iya tsinkar lemo ko ganye. Bakin famfo ya toshe, a goge da tsohon buroshi. Ba ci, ba sha, ba taba sai an wanke hannu da fuska. Kayan feshi a wanke su daban da na iyali. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba a tanki, a huda ta, don a garin da ake sayen ruwa a amalanken jaki duk jarkar da aka yar wani zai ɗauka.

Magunguna irin su malatiyon da dimetowet alamunsu a fili suke: yawu da gumi da hawaye, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi nauyi. A cire kayan, a wanke jiki da sabulu, a ruga asibiti da kwalbar a hannu, can suna da allurar atirofin. Kada a ba shi madara ko mai, kada a sa shi amai.

Ruwa, inji da tsani

Ruwan kogi da na magudana na shuka ne kawai. A Mayun 2025 ma'aikatar lafiya ta ƙidaya masu kwalara sama da 2,700 da mutuwar 172 cikin mako guda, mafi yawansu a jihar Khartum, bayan lalacewar tashoshin lantarki ta tsayar da famfo. Ruwan shan yaranka ya zama tafasasshe ko mai kilorin, da sabulu a gefe. Mai shiga kwata ko bakin Farin Nilu ya sa dogon takalmin roba saboda tsargiya. Ganga da faranti a ƙarƙashin tukunyar fure nan sauron zazzaɓin dengi ke hayayyafa, a rufe ganga, a zubar da na faranti duk mako. Injin ban ruwa mai fetur kada a kunna shi a ɗaki ko cikin rami, hayaƙinsa yana kashewa ba tare da an ji wari ba. Mai aiki da lantarki kuma a sa masa makunni mai katse wuta da kansa.

Injin saran ciyawa yana harba tsakuwa, ballantana a ƙasar Omdurman mai duwatsu, don haka kowa ya ba shi mita 15, mai riƙe da shi ya sa kariyar fuska da toshin kunne. Jallabiya da rawani ba sa zama kusa da abin da ke juyawa. A kashe inji ya huce kafin a zuba mai ko a cire abin da ya maƙale. Zarto mai inji sai wanda ya koya, ba a ɗaga shi sama da kafaɗa, ba a hawa tsani da shi. Idan za a kayar da bishiya, mutane su ja baya ninki biyu na tsawonta. Tsani kuwa, duk tsawon mita 4 gindinsa ya fito mita 1 daga bango, wani ya riƙe. Reshen da ya kusanci wayar lantarki ba a taɓa shi sai an kashe layin. Buhun taki mai kilo 50 na mutum biyu ne, ko na baro.

Kunama da maciji suna fakewa a ƙarƙashin tukwane da tarin bulo, sun fi fitowa da damina idan kogi ya cika. A ɗaga abu da sanda, a kakkaɓe takalmi kafin a sa. Wanda maciji ya sara, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kafin a fara aiki a kowace unguwa ka tabbatar wane asibiti ne a buɗe kusa, ko Al-Nau ne a Omdurman ko Basha'ir a kudancin Khartum, kuma mota da kuɗin mai su kwana a shirye.

Abin da ke wuyanka

Dokar ƙwadago ta 1997 ta ƙayyade aiki awa 48 a mako, ta ɗora wa mai ba da aiki kare ma'aikacinsa daga haɗarin aikin. Dokar diyyar raunin aiki ta 1981 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni. Ka ajiye littafi guda: sunan kowane yaro, lambar wani nasa, ciwon da yake da shi kamar asma ko farfaɗiya ko sukari, maganin da aka fesa da ranar da aka fesa, da duk raunin da aka ji komai ƙanƙantarsa. Kowace safiya ka tara su minti biyar ka faɗi haɗarin gidan da za a shiga, da harshen da kowa yake ji, Larabci ko Hausa. Ƙananan yara ba sa feshi, ba sa riƙe inji. Wanda ya ce yana tsoron wani wuri a saurare shi, wanda ya ji ciwo kuma a biya shi kuɗin yininsa cif, in ba haka ba gobe ɓoye maka zai yi.

Kuɗin takalmi da safar hannu da ruwa da akwatin agajin gaggawa ka sa su cikin farashin aikin, ka nuna wa mai gida a rubuce. Wanda ya ƙi biya, ko ya ce a haƙa wurin da ba a duba ba don yana sauri, ka bar masa aikinsa.